Abin da Inna ke faɗa wa bayan ordinata

Ni ce auta a ɗakinmu, kuma ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani. Inna takan ce ko a goye ban taɓa barin bayanta ya huta ba. Na yi lekol, wato makarantar boko, har inda ƙarfin gidanmu ya kai, na koyi buga takarda, na buɗe ɗan shago kusa da tashar Gaya, a layin masu sayar da taya. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da ƴan kasuwa su ne mutanena. Takardar sayar da mota, takardar neman izini, wasiƙa zuwa meri, wato ofishin magajin gari, duk ni ce. Abin aikina ordinata ce ta tebur, wadda mutanen Kamba ke kira kwamfuta, irin ta dā mai ƙatuwar ƙeya. In ta zauna a tebur ta cinye rabinsa. Wanda ya zauna a bencin da ke gabana ba ya ganin fuskata, ni ma ba na ganin tasa, sai dai mu ji muryar juna.

Muna da yaya, ɗan farin Inna. Ana yaye shi kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Karakara, can ya tashi, bai dawo Gaya ba sai da ya zama saurayi. Bai daɗe ba ya tsallaka gada ya nufi Kwatano, ya kama harkar lodin kaya, ya yi aure, ya zauna. Inna ba ta faɗin sunansa, kamar yadda matan zamaninta ba sa faɗin sunan ɗan fari. Mutumin Kwatano take ce masa, ko kuma yayanki. In ya kira waya na miƙa mata, sai ta ce lafiya lau, yaya yara, madalla, ta mayar mini da wayar kamar ta ɗauki garwashi. Abin yana ba ni haushi ƙwarai. Na sha ce mata kunyar nan ta yi yawa, ita kuma ta ce ni ce aka haifa ranar da kunya ta tafi unguwa.

Wata ranar kasuwa ta shigo shagona don ta huta da rana. Ta zauna a benci, kwandonta a ƙafa, ni ina can bayan ordinata ina gama wata takarda. Can sai na ji ta tambaya, ba da ni take ba, kamar da akwatin take, wai shin wannan abin yana kai saƙo har Kwatano? Na ce yana kaiwa. Sai ta fara. Ta ce a gaya masa tarin da ta ji a muryarsa ranar salla bai yi mata ba, ya nemi magani kada ya yi wasa. Ta ce a gaya masa ranar da aka tafi da shi Karakara ta bi amalanken a ƙafa har bayan gari, da ta dawo aka tambaye ta sai ta ce itace ta je nema. Yatsuna suna tafiya a kan kilabiye, allon haruffa, idona a kan gilashi, wuyana ya sandare don kada in leƙa. Da ta gama ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce tumatir ya yi tsada yau, ta fita.

Haka muka yi shekaru. Ba kowace kasuwa ba, sai abin ya taru mata. Ta zo, ta zauna, ta yi wa ƙeyar ordinata magana, ni in buga da Hausa yadda ta faɗa, in aika. A gida ba mu taɓa tada zancen ba, ko da wasa. Amsar Yaya kullum gajera ce, ya gode, yana gaisuwa, ga atamfa nan tafe a hannun direba wane. Nakan karanta mata daga inda nake zaune, in ji ta ce to, Allah ya yi albarka. Ban taɓa tunanin cewa faɗin akwatin ne ke riƙe da wannan duka ba. A ganina kayan aiki ne kawai, mai zafi, mai ƙara, mai cin wuta.

Sai aka rufe gada, aka hana tsallaka iyaka. Wanda bai zauna Gaya a lokacin ba ba zai gane ba. Garin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan kamiyo, ya koma kana jin kukan awaki. Wuta ta zama sai ta ga dama. In zo da safe in share shago, in zauna, in tashi, in sake sharewa, in leƙa titi, in dawo in danna ordinata ko Allah zai sa, shiru. Mutanen da nake yi wa aiki duk sun koma bakin kogi inda kwale-kwale ke ɗaukar mutane da kaya zuwa Malanbil, can ake ciniki, can ake neman mai rubuta takarda. Ni kuwa ina nan ina gadin akwatin da ba ya ɗaukuwa. Zaman ya ishe ni har na fara faɗa da mai shayin da ke maƙwabtaka da ni a kan inda yake zubar da ruwa.

Taubashina, ɗan kawuna, yana gyaran waya a bakin kasuwa, kuma tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Shi ya sa ni a gaba. Kullum ya biyo sai ya gaida ordinata kafin ya gaishe ni, ya ce ina kwana kaka, yaya tsufa. Ya kawo tablet ya ajiye mini a tebur, falle ɗaya kamar faranti. Ya ce tsarin da ke tafiyar da shi ba irin na dā ba ne, yanzu ana buɗe takarda biyu gefe da gefe, ana haɗa masa kilabiye, ana aika aiki ga injin bugawa ba tare da igiya ba. Duk bayan ƴan watanni, in ji shi, sai sabon gyara ya sauko masa, mizajur suke cewa, kuma kowane gyara yana ƙara matso da shi kusa da ta tebur, saura ƙiris ya wuce ta. Na ce bakinsa ya fi hannunsa aiki, abin da ake shafawa da yatsa kamar ana lasar miya ba zai yi aikin ofis ba. Ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Na kore shi. Bayan sati biyu na je da ƙafata na saya. Ordinata kuwa wani malamin lekol daga Zabori ya ɗauke ta a bayan babur, an ɗaure ta da roba, ko waiwaye ban yi ba.

Gaskiya ɗaya ce, tablet ya yi mini aiki. In sa shi a jaka in sauka bakin kogi, in zauna a kan buhun wani, in buga takarda a cinyata, wutarsa ta kai ni yamma. Ya kuma ba ni wahala. Tsofaffin takarduna masu layi-layi in na buɗe sai su watse, wannan ya hau kan wancan. Injin bugawa ya ƙi jininsa wata guda cur, sai da wani mizajur ya zo suka shirya, shi kuma wannan ɗin ya ɓoye mini inda ake ajiye takardu, na yi kwana biyu ina nema ina tsaki. Ƙaramin kilabiyen da aka haɗa mini yatsuna ba su saba ba, ni da nake bugawa ido rufe na koma ina laluben harafi. Amma a hankali muka saba. Har na fara cewa, ba a gaban taubashina ba dai, abin nan ya kusa kamo ta.

A cikin wannan hali ne cikin Inna ya fara kumbura. Ta ɓoye har ya ƙi ɓoyuwa. Muka je asibitin Doso, lokotoro, wato likita, ya duba ya ce sai an yi mata aiki a Yamai, kuma kada a ja lokaci. A mota muna dawowa ta ce ba inda za ta, ba a yanka mutum ɗansa bai zo ba. Ban tambayi wane ɗa ba, mu biyar ta haifa amma na san wanda take nufi. Na ce bari in kira shi yanzu. Ta riƙe hannuna ta ce a'a, gobe za ta zo shago.

Rabonta da shagon tun kafin ƙafafunta su fara nauyi, ba ta san an yi sauyi ba, ni kuma ban ga abin faɗa ba. Ta shigo tana haki, ta zauna a benci, ta ɗaga kai, sai idonta a cikin nawa. Tebur fayau, ba komai sai tablet a jingine da ɗan kilabiyensa, ko haɓata bai rufe ba. Ta dubi tebur, ta dubi bango, ta dubi kwano a sama. Ta tambayi ina akwatin. Na ce na sayar, wannan ya fi shi, duk abin da wancan ke yi yana yi, har ma na fara nuna mata yadda ake buɗe takarda biyu, ka ji wauta. Na ɗora yatsu na ce ina jin ki, Inna. Ta gyara zama. Na kawar da kaina gefe, amma ta san ina ganin ta ta wutsiyar ido.

“Ki ce ina gaishe shi,” ta ce.

Na jira. Ta miƙe da kyar, ta ce rana ta yi, ta tafi.

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ƙara gaba, don haka nake. Na ce ai wannan abin yana yin abin da tsohuwar ba ta taɓa yi mini ba, yana nuna fuska. Me ya fi uwa ta ga ɗanta? Bayan la'asar na same ta a tsakar gida a kan tabarma, na kira Yaya, na ɗora mata tablet a cinya ba tare da na shirya ta ba. Fuskarsa ta cika gilashin, furfura ta fito masa a gemu. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya tana kallon turmi. Ta tambayi yara. Ta tambaya ko ana ruwa a can. Ya amsa, ina ganin yadda yake neman idonta. Ta ce kaji sun shiga ɗaki, ta ture abin daga cinyarta ta tashi.

Washegari da safe na kira shi ni kaɗai, na zayyana masa komai, kumburin, maganar lokotoro, da cewa ta rantse ba ta tafiya sai ya zo. Ya yi salati, ya yi addu'a. Sai ya ce hanya ta yi wuya yanzu, tsallake kogi ba kamar dā ba, ga aiki ya riƙe shi, amma duk abin da ake bukata zai aiko, mu kai ta kawai. Raina ya ɓaci. Na ce Yaya, kai wane irin mutum ne, duk wasiƙun da matar nan ta yi shekaru tana aiko maka ba su taɓa ka ba? Sai na ji ya yi ƴar dariya, irin wadda ba ta daɗi ba.

“Auta, na gode da wasiƙunki, Allah ya saka miki. Amma na san hannunki. Inna ba ta magana haka. Jiya na gan ta da idona, ko kallona ba ta yi ba.”

Na rantse masa da Allah ban taɓa ƙara ko harafi ba. Ya ce in bar rantsuwa, shi ba fushi yake ba, ya daɗe da sanin matsayinsa, wanda aka bayar daga yaye ba ya jiran a yi kewarsa. Ya ce ni yarinya ce mai kirki da nake son in gyara abin da ban ɓata ba. Na kashe wayar. Wato duk shekarun nan yana karanta maganar uwarsa yana ɗauka tausayina ne. Kuma ni da hannuna na kai masa shaidar da ta tabbatar masa.

Kwanakin da suka biyo ban san inda zan sa kaina ba. In je shago in kasa zama, in sauka kogi in kasa aiki, in buga sunan mutum a inda ake sa sunan gari. Na gaya wa Inna yana gaisuwa, aiki ya riƙe shi, ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi, maganar Yamai kuwa ko a bakinta. Cikin yana ƙara tashi, ta daina cin tuwo sai kunu. Na roƙe ta ta sake zuwa shago, na samo kwalin sabulu babba na kafa a tebur na ɓuya a bayansa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kwalin, ta ce wasan yara nake da ita ne, ta juya. Ta fi ni gaskiya. Wancan akwatin yana wurin ne don aikinsa, shi ya sa ta iya yin kamar ba ta san yana rufe ta ba. Wannan kuwa an kafa shi ne domin ta, kuma ta gani.

Wata safiya ta ce in zo in yi mata kitso, kanta ya dame ta. Na ɗauko kujera ƴar tsugune, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina, ta ba ni baya. Ina tsefe mata kai sai na lura ba ta ganina, ni ma ƙeyarta kawai nake gani. Na ce bari in ɗauko man kitso. A ɗaki na rubuta wa Yaya cewa zan kira, ya ɗauka, kada ya yi magana ko da me zai ji, in yana jin tsoron Allah. Na kira, ya ɗauka, na kife tablet a cikin zanen da na yafa, na dawo na ajiye shi a gefen cinyata. Na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Na sani sarai, na kuma yi.

Na kama kitso, na yi layi ɗaya, na yi na biyu. Sai na ce, kamar da wasa, Inna, da akwatin nan yana nan me za ki ce a rubuta? Na gama layi na uku. Sai ta fara, da muryar nan da na sani, wadda ban taɓa ji a gida ba. Ta ce tana tsoron wuƙa, ba ta taɓa gaya wa kowa ba amma tana tsoro. Ta ce ba mutuwar ce ke damun ta ba, kowa da ranarsa, abin da ba ta so shi ne ta tafi yana ganin da son ranta ta ba da shi. Ita yarinya ce a lokacin, surukarta ta miƙo hannu, wa ya isa ya ce a'a? Ta ce kwana bakwai nono yana zuba yana jiƙa mata zane, tana shiga bayan ɗaki tana matsewa a ƙasa don kada a gani a yi mata dariya. Ta ce a duniya ba abin da take so kamar ta kira shi sau ɗaya da bakinta, yadda kowace uwa ke kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. Sai ta faɗi sunan. A hankali ta faɗa, kamar tana ɗanɗana shi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Daga cikin zanen, a gefen cinyata, murya ta fito a shaƙe.

“Na'am, Inna.”

Na ji wuyanta ya ƙage a hannuna. Ba ta juyo ba. Ta ɗaga hannu ta cire yatsuna daga gashinta ɗaya bayan ɗaya, ta laluba ɗankwalinta ta ɗaura a kan rabin kitso, ta dafa gwiwata ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Yaya yana ta kira daga cikin zane, Inna, Inna, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ni kuma na rasa wanda zan bi, sai na kashe.

Bayan kwana uku Yaya ya iso, ta kwale-kwale, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, ta tambayi hanya, ta tambayi yara. Bai nemi fiye da haka ba. Washegari ta ce a nemo mota. Shi ya kai ta Yamai, shi ya zauna a bakin ƙofa har aka fito da ita, shi ke cika mata buta yana ajiyewa inda hannunta zai kai. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da zai koma ya riƙe hannuna a tasha ya daɗe bai saki ba, ya ce in yafe masa. Yanzu duk Juma'a yana kira, ta ce lafiya lau, yaya yara, madalla, shi kuma in ji shi yana dariya, dariyar gaske.

Taubashina har yau yana biyowa ya ba ni labarin sabon mizajur, ya tambaye ni ko yanzu na yarda tablet ya kamo ta tebur. Nakan ce ya kamo ta har ya wuce, ya fita mini daga shago.

Bayan ta warware na same ta ita kaɗai na durƙusa na ce ta yafe mini.

“Na yafe miki, auta. Amma a kunnenki na ajiye maganar nan, ba a nasa ba.”

Na ce ai ga shi ya zo, ga shi an yi aiki, ga ki da rai. Ta ce haka ne. Tun daga ranar ba ta sake yi mini zancensa ba, ko mai daɗi ko marar daɗi. In na shigo gida da jaka a kafaɗa sai ta bi jakar da kallo har in ajiye ta a zaure, kuma ko na ajiye, hirarmu ba ta wuce tsadar kasuwa da ciwon ƙafa. Rabin kitson nan wata maƙwabciyarmu ce ta ƙarasa mata kafin su tafi Yamai. Har yau ita ke yi mata, duk sati biyu, ni ina zaune a gefe ina miƙa musu mai.